Sa hannun imel bai biyo mu sababbin kwamfutoci ba, a ina ake ajiye shi ne?

Sakataren_Ofis:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga masana harkar Outlook. An sauya kwamfutocin ofis, an kwashe saƙonni ta fayil ɗin PST, wato fayil ɗin da Outlook ke adana saƙonni a ciki, an zuba a sababbin. Saƙonni sun zo, adireshin mutane sun zo, kalanda ma ta zo. Amma sa hannun nan da ke fitowa a ƙasan kowace wasiƙa, mai suna da muƙami da lambar waya da tambarin ma'aikata, babu ko ɗaya. Kwamfuta goma sha biyu ce, kowa da nasa. Tsofaffin suna nan ba a goge su ba tukuna. Akwai hanyar ɗauko su, ko sai an zauna an sake tsara kowanne? Sannan mutum biyu suna son komawa Thunderbird, wata manhajar imel daban, shin na Outlook zai yi aiki a can?

Malam_Tanko_IT:
Wa'alaikumus salam. Kada a goge tsofaffin tukuna. Sa hannu ba ya cikin PST, ba ya cikin ɗan'uwansa fayil ɗin OST, shi ya sa bai biyo ku ba. Outlook na Windows yana ajiye shi a wata folda daban. A tsohuwar kwamfutar, shiga da akawun ɗin mai ita, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan:

%APPDATA%\Microsoft\Signatures

Kowane sa hannu za ka ga yana da fayil uku masu suna ɗaya: .htm da .rtf da .txt, da kuma folda mai wannan sunan da _files a ƙarshe. A cikinta hotuna suke. Kwafi komai da komai zuwa filas. A sabuwar, rufe Outlook, buɗe wannan wurin ta hanya ɗaya, ka zuba su. Idan foldar Signatures ba ta nan, ƙirƙire ta da wannan sunan daidai. Sai ka buɗe Outlook.

Ummu_Hanif:
Ƙari a kan na Malam Tanko. Akwai gajeriyar hanyar isa foldar: File, sai Options, sai Mail, ka riƙe Ctrl sannan ka danna maɓallin Signatures. Maimakon ya buɗe wurin tsarawa, foldar zai buɗe maka kai tsaye. Wannan ya fi tabbas, domin Office ɗin da aka saka da wani harshe ba lallai Signatures yake kiran foldar ba.

Sakataren_Ofis:
Na gode Malam, na gode Malama. Na gwada a guda ɗaya. Sunan sa hannun ya fito a jerin, amma idan aka buɗe sabuwar wasiƙa ba ya faɗowa da kansa, sai an je an zaɓo shi.

Malam_Tanko_IT:
Haka ake tsammani. Fayilolin ka kwaso, amma bayanin cewa wane sa hannu ne na wane akawun yana cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, a ƙarƙashin furofayil ɗin Outlook mai riƙe da saitin akawun, kuma bai bi filas ba. Koma wurin Signatures, za ka ga ɓangaren Choose default signature. Zaɓi akawun a E-mail account, sannan ka cika gurbi biyu: New messages na sabuwar wasiƙa, Replies/forwards na amsa da turawa. Wanda ke da akawun uku sai ya yi sau uku. Kada ka wahalar da kanka da kwaso rajistar, lambobin akawun a sabon furofayil ba lallai su yi daidai da na tsohon ba.

DanAsabe_Net:
Tsaya tukuna. Kafin a ci gaba, wane Outlook ne a sababbin kwamfutocin? Yanzu guda biyu ne a Windows, tsohon da aka sani da kuma sabon da ke zuwa da Windows 11. Duk bayanin da aka yi a sama na tsohon ne. Sabon ba ya kallon wannan foldar ko kaɗan, ko ka cika ta da fayiloli ba zai gani ba. Alamar ganewa: idan akwai File a kusurwar hagu ta sama kuma babu alamar saiti a dama, tsohon ne. Idan akwai alamar saiti a dama, sabon ne. A sabon, hanyar ita ce Settings, Accounts, Signatures, kuma a sabar Microsoft, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, ake ajiyewa, ba a kwamfutar ba.

Sakataren_Ofis:
Wadda na gwada akwai File, babu alamar saiti. Sauran ban duba duka ba.

DanAsabe_Net:
To duba. Wadda ka samu da sabon, buɗe fayil ɗin .htm da burauza, danna Ctrl da A, sai Ctrl da C, ka liƙa a gurbin rubutun. Tambarin kuma ka sake saka shi da maɓallin hoto na wurin, kada ka dogara da wanda ya biyo liƙi, sau da yawa yana nuni ne ga hanyar fayil da ke kwamfutarka kawai. Kai za ka gan shi, wanda ka aika wa ya ga akwati fanko.

Bebeji77:
Ni fa ban ga abin dogon zance ba. Kowa ya aika wa kansa wasiƙa daga tsohuwar, ya buɗe a sabuwar, ya kwafi sa hannun ya liƙa. Minti biyu an gama.

Ummu_Hanif:
Bebeji77, hanyar tana aiki, amma da illa biyu. Ta farko, idan ma'aikatar na amfani da Safe Links na Microsoft, linkin da ke cikin wasiƙar da ta shigo ana iya sake rubuta shi, ya koma dogon adireshi mai safelinks.protection.outlook.com a ciki. Wanda ya kwafo daga can, wannan dogon zai riƙa aika wa mutane a matsayin shafin ma'aikatarsu. A kwafa daga Sent Items ko Drafts ya fi. Ta biyu, kowane kwafi da liƙi yana ƙara tarkacen tsari a HTML ɗin, wato rubutun ƙarƙashi da ke tsara kamannin sa hannun, tazarar layuka ta sauya, hoto ya ɗan dushe. Sau ɗaya babu laifi. Amma mutum goma sha biyu, kowa da irin liƙinsa, ƙarshenta sa hannu iri goma sha biyu za a samu.

Bebeji77:
To ai yanzu ma iri goma sha biyun ne, tunda ya ce kowa da nasa.

Injiniya_Sadiq:
Ga mai kwamfuta da yawa, ba sai an bi da linzami ba. A tsohuwar, buɗe Command Prompt:

robocopy "%APPDATA%\Microsoft\Signatures" "E:\SaHannu\%USERNAME%" /E

E ɗin harafin filas ne, sauya shi da naka. /E na nufin a haɗa da ƙananan foldoji. Kowane ma'aikaci zai samu foldarsa da sunan akawun ɗinsa, ba za su cakuɗe ba. A sabuwar sai ka juya, tushen ya koma makoma. Idan wata tsohuwar ta ƙi tashi, ciro diski ɗinta ka jona a wata, ka bi Users, sunan mutum, AppData, Roaming, Microsoft, Signatures. AppData ɓoyayyiya ce, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a File Explorer.

Gargaɗi ɗaya: kada a sauya sunan fayilolin daga cikin foldar. A cikin .htm an rubuta hanyar hoton da tsohon sunan, misali Aiki_files/image001.png. Aka sauya sunan foldar hotunan, tambari ya ɓace. Mai son sauya suna ya yi amfani da Rename a cikin Outlook.

Hajiya_Rabi_Admin:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi rikita mutane yanzu. Idan akawun ɗin na Microsoft 365 ne ko Outlook.com, kuma Office ɗin na biyan kuɗin wata ko shekara ne, shi ma tsohon Outlook ɗin ya koma ajiye sa hannu a akwatin saƙon mutum da ke saba. Foldar da ke kwamfuta ta zama kwafi kawai. Za ka gane haka idan ka ga sunan fayilolin ya ƙare da adireshin imel ɗin mai shi a cikin baka biyu. A irin wannan, bai kamata ma a yi jigilar komai ba: mutum ya shiga akawun ɗinsa a sabuwar, ya ɗan jira, sa hannun ya sauko da kansa. Tunda naku bai sauko ba, kuma da PST kuka kwashe saƙonni, ina kyautata zaton akawun ɗinku POP ne ko IMAP, wato hanyoyin gama-gari na ɗauko imel daga saba. Waɗannan ba sa cikin tsarin, foldar ce kawai madogararsu.

DanAsabe_Net:
Gaskiyar Hajiya. Kuma inda tsarin ke kunne, gyaran da aka yi wa .htm da hannu yana iya gogewa, domin na saba ya fi ƙarfi. Masu kula da ma'aikatu da ke raba sa hannu ta hanyar zuba fayiloli sukan dakatar da shi ga kowa da wannan umarni na Exchange Online, sabar imel ta Microsoft 365:

Set-OrganizationConfig -PostponeRoamingSignaturesUntilLater $true

Amma wannan aikin mai riƙe da ragamar tsarin ne, ba na kowane ma'aikaci ba.

Sakataren_Ofis:
Hajiya, IMAP ne, wajen kamfanin da ke riƙe mana shafin intanet. To maganar Thunderbird fa?

Gwanin_Linux:
Yawwa, an zo wurin. Thunderbird ba shi da foldar sa hannu ta musamman. Je Account Settings, danna sunan akawun ɗin kansa a hagu. Hanya biyu ce. Ta farko, gurbin Signature text: ka rubuta a ciki, idan HTML ne ka saka alama a Use HTML. Ta biyu, ka saka alama a Attach the signature from a file instead, ka nuna masa fayil.

Abin da ka rubuta a gurbi yana shiga fayil ɗin prefs.js da ke cikin furofayil, a layin mail.identity.id1.htmlSigText. Saboda haka wanda ya kwashe furofayil gaba ɗaya ya kwashe sa hannunsa. A Windows furofayil yana %APPDATA%\Thunderbird, a Linux yana .thunderbird cikin foldar gida, a Mac yana Library/Thunderbird. Ko ka bi Help, Troubleshooting Information, ka danna maɓallin buɗe foldar furofayil.

Hanya ta biyu ce ke da tarko. Thunderbird hanyar fayil ɗin kawai ya riƙe, ba abin da ke ciki ba. Idan fayil ɗin yana Desktop ko Documents na tsohuwar kwamfuta, aka kwashe furofayil aka bar shi, wasiƙu za su riƙa fita babu sa hannu, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Maganin shi ne a ajiye fayil ɗin a cikin foldar furofayil tun farko, su yi tafiya tare.

Sakataren_Ofis:
Ke nan zan iya nuna masa .htm ɗin Outlook kawai?

Gwanin_Linux:
Zai karɓa, amma ban ba ka shawara ba. Tun Outlook 2007, Word ne ke tsara HTML ɗinsa. Buɗe fayil ɗin da Notepad ka gani: sa hannu mai layi biyar, amma ɗaruruwan layuka na mso kaza mso kaza waɗanda Word kaɗai ke fahimta. Ga kuma matsalar haruffa. Thunderbird yana son fayil ɗin a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, na Outlook kuwa galibi windows-1252 ne, sai ka ga baƙin alamomi sun fito a inda ake da tazara ko alamar zance.

Yi haka. Buɗe sabuwar wasiƙa a Thunderbird, a akawun ɗin da bai da sa hannu tukuna. Rubuta layukan, ka tsara su. Insert, Image, ka ɗauko tambarin daga foldar _files ɗin nan. Sannan File, Save As, File, ka ajiye a matsayin HTML. Wannan fayil ɗin za ka nuna masa. Tun Thunderbird 52, hoton da ka saka yana shiga cikin HTML ɗin kansa, don haka fayil ɗaya ne rak, babu foldar hotuna. Lokacin aikawa shi zai mayar da hoton maƙalalle yadda kowace manhaja za ta nuna.

Malam_Tanko_IT:
Gwani, kai ko tambayar firinta aka yi sai ka kawo Thunderbird. Amma a wannan kam ina bayanka. Sake ginawa ya fi tsafta.

Gwanin_Linux:
Ranka ya daɗe, ai wannan karon shi ya tambaya da bakinsa.

Zee_Accounts:
Don Allah a yi haƙuri da tambayata. Sa hannun da ake magana shi ne wanda ke sa alamar jan kambu a jikin wasiƙa? Shi ma yana cikin foldar?

Hajiya_Rabi_Admin:
A'a ƙanwata, wannan daban ne. Shi wancan na tabbatar da cewa wasiƙar daga gare ki ta fito kuma ba a taɓa ta a hanya ba, S/MIME ake ce masa, da satifiket yake aiki. Ana fitar da shi ne daga ma'ajiyar satifiket ta Windows a matsayin fayil .pfx, tare da mabuɗinsa na sirri, a saka masa kalmar sirri. Sakataren_Ofis, idan akwai mai amfani da shi a cikinku, a fitar kafin a goge tsohuwar, domin in mabuɗin ya tafi, tsofaffin wasiƙun da aka rufe da shi ba za su sake buɗuwa ba.

Tunda an zo nan: a daina ɗaukar hoton sa hannun biro ana sakawa a ƙasan imel. Duk wanda ya samu wasiƙar zai iya cire shi ya ɗora a kan wata takarda.

Abban_Mac:
Ga masu Apple Mail, ko da wani zai buƙata. Nasu yana cikin Library/Mail, sai folda mai V da lamba, sai MailData, sai Signatures. Lambar tana bin sigar macOS, V10 ce a Ventura. A ciki akwai fayiloli masu ƙarewa da .mailsignature, sunayensu dogayen lambobi ne, da AllSignatures.plist da ke riƙe da jerinsu. Zuba fayil a can kawai ba ya isa, domin ba ya cikin jerin. Abin da ke aiki: ƙirƙiri sa hannu na wucin gadi a Settings, Signatures, ka rufe Mail gaba ɗaya, ka buɗe sabon fayil ɗin da ya bayyana da TextEdit, ka bar layukan kai na sama yadda suke, ka maye gurbin jikin da HTML ɗinka. Bayan ajiyewa ka kulle fayil ɗin ta Get Info, Locked, in ba haka ba Mail na iya maido da tsohon. A cire alamar Always match my default message font, a kuma ja sa hannun zuwa kan sunan akawun, sannan a zaɓe shi a Choose Signature.

Injiniya_Sadiq:
Mu koma kan tambari, domin bayan jigila nan ne ƙorafi ke fitowa. Abubuwa huɗu ke ɓata shi. Na farko, hoton da ba 96 dpi ba, wato ɗigo 96 a kowane inci, tsohon Outlook yana sake masa girma lokacin aikawa, sai ya dushe ko ya kumbura. A gyara shi a manhajar hoto, 96 dpi, a daidai girman da ake so, faɗin fiksel 150 zuwa 200 ya ishi tambari. Kada a saka ƙaton hoto a ja kusurwarsa da linzami, nauyin yana nan, kuma wata manhajar za ta nuna shi da ainihin girmansa. Na biyu, PNG ko JPG kawai, SVG da WebP ba kowace manhaja ke nunawa ba. Na uku nauyi: ƙasa da KB 50. Tambarin KB 500 a wasiƙa dubu ya cinye MB 500 na akwati a banza. Na huɗu, baƙin rubutu a kan hoto mai bango fayau yana ɓacewa ga mai amfani da baƙin allo. A saka masa farin bango ko farin zagaye.

DanAsabe_Net:
Injiniya, ban yarda da na farkon gaba ɗaya ba. Tambarin fiksel 150 a allon waya ko sabuwar laftof yana fitowa dishi-dishi. Abin da ake yi shi ne a ajiye shi ninki biyu, faɗi 300, a ɗora a shafin ma'aikata, a rubuta width="150" a HTML. Ya fito tas, kuma wasiƙa ba ta ɗauke da komai, babu alamar kilif, babu image001.png da ke taruwa a ƙasan dogon zance.

Injiniya_Sadiq:
Sai dai Outlook da Thunderbird duk suna toshe hoton da ke zuwa daga intanet har sai mai karɓa ya amince. Wanda ka fara rubuta wa, wato wanda ka fi son ya ga tambarin, shi ne zai ga akwati fanko. Kuma ranar da aka sake fasalin shafin aka motsa hoton, duk wasiƙun baya sun rasa shi.

DanAsabe_Net:
Shi ya sa ake saka alt, rubutun da ke maye gurbin hoto, sunan ma'aikatar ya fito a gurbin. Kuma ake ware wa hoton adireshin da ba a taɓawa.

Ummu_Hanif:
Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kada a mayar da sa hannun gaba ɗaya hoto guda. Ba a iya kwafar lambar waya daga hoto, manhajar da ke karanta wa makafi allo ba ta ganin komai, in an toshe hoton kuma babu ko suna. Suna da muƙami da lamba su zama rubutu. Ga mai son hanyar DanAsabe a Thunderbird, sai ya ƙara moz-do-not-send="true" a jikin img ɗin, in ba haka ba zai iya sauko da hoton ya maƙala shi.

Malama_Safiya:
Ni matsalar da nake gani ita ce sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ. A kwamfutar mai shi daidai, a wajen mai karɓa alamar tambaya ko ɗan akwati.

Gwanin_Linux:
Cuta biyu ce, Malama. Alamar tambaya na nufin an ajiye fayil ɗin a tsarin da bai san harafin ba. Buɗe da Notepad, Save As, zaɓi UTF-8, kuma layin charset na cikin HTML ɗin ya faɗi haka. Mafi aminci ma a rubuta su da lamba a HTML: ƙ ita ce ƙ ɗ ita ce ɗ ɓ ita ce ɓ manyan kuma Ƙ Ƙ Ɗ Ɗ Ɓ Ɓ. Wannan ba ruwansa da tsarin ajiya. Ɗan akwati kuwa na nufin samfurin rubutun da aka zaɓa ba shi da harafin. Samfurin ba ya bin wasiƙa, sai wanda ke kwamfutar mai karɓa. A tsaya a kan Arial ko Times New Roman.

Sakataren_Ofis:
An gama guda bakwai. Sabon abu: wani ya amsa wasiƙa, sa hannun ya fito babu tambari babu launi, kuma da tsohuwar lambar waya, alhali a sabuwar wasiƙa daidai yake.

Malam_Tanko_IT:
Amfanin fayil ukun nan ke nan. Outlook yana amsawa ne da irin tsarin wasiƙar da ta shigo. In ta zo a rubutu zalla, .txt zai ɗauko. In HTML ce, .htm. Wani ya taɓa gyara .htm da hannu ya bar .txt da tsohuwar lamba. Buɗe .txt ɗin da Notepad ka gyara, ko ka yi ɗan gyara a cikin Outlook ka danna Save, zai sake rubuta ukun. Rashin tambari a rubutu zalla kuwa ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake.

Injiniya_Sadiq:
A lura da wannan Save ɗin. Wanda ya tsara HTML mai tsafta da hannu ya zuba a foldar, da zarar an ajiye ta cikin Outlook, Word zai sake rubuta shi da nasa salon. A riƙe kwafi a gefe. Sannan tazarar da ke ninkuwa tsakanin layuka a wajen masu Gmail: Enter sabon sakin layi yake buɗewa, a yi amfani da Shift da Enter. Mai son tambari a hagu rubutu a dama ya yi da tebur mai gurbi biyu marar layi, kada ya tura da maɓallin tazara.

Bebeji77:
A Thunderbird akwai wasu ɗigo biyu da ke fitowa a saman sa hannu, yaya ake cire su?

Gwanin_Linux:
Gajeren layi biyu (--) da tazara ɗaya ne, ba kuskure ba ne. Tsohuwar ƙa'ida ce, tana cikin takardar ƙa'idojin intanet RFC 3676 ta 2004. Da ita manhaja ke gane inda sa hannu ya fara, ta yanke shi idan ana amsawa. In dole sai an cire: Settings, General, can ƙasa Config Editor, nemo mail.identity.default.suppress_signature_separator ka mayar da shi true. Kada a taɓa prefs.js da hannu alhali Thunderbird na buɗe, yana rufewa zai shafe gyaran.

Sakatare, mutanenka biyu su duba Composition & Addressing. A can ake zaɓar amsa ta fara a saman saƙon da aka ɗauko, sa hannu kuma ya zo ƙarƙashin amsar, yadda suka saba a Outlook. In ba a saita ba, yana iya faɗawa can ƙasan komai. A nan ne kuma alamomin saka shi a amsa da turawa suke. Kuma sa hannu ɗaya ne ga kowane adireshi. Mai son biyu ya ƙara wani ta Manage Identities da adireshi iri ɗaya, ya riƙa zaɓa a layin From.

Hajiya_Rabi_Admin:
Ni ra'ayina, ma'aikata mai mutum sama da goma ta daina barin wannan a hannun kowa. A Exchange akwai dokar da ake kafawa a saba ta liƙa rubutu a ƙasan duk wasiƙar da za ta fita, da gurabe irin %%DisplayName%% da %%Title%% da ke cika kansu daga bayanan ma'aikaci. An sauya kwamfuta ko an aika daga waya, duk ɗaya.

DanAsabe_Net:
Hajiya, su IMAP ne, ba su da Exchange. Kuma ko da suna da shi, dokar a can ƙarshen dukan zancen take liƙawa, ba ƙarƙashin amsa ba, mai aikawa ba ya ganinta lokacin rubutu, kuma in ba a saka togiya ba tana maimaituwa a kowace amsa. Ta dace da gargaɗin doka, ba sa hannun mutum ba.

Hajiya_Rabi_Admin:
Na ji. To aƙalla su tsara guda ɗaya mai kyau, a ajiye a foldar da kowa ke isa, kowa ya sauya suna da lamba kawai. Cikakke na sabuwar wasiƙa, gajere mai layi biyu na amsa. RFC 1855 tun 1995 ya ce kada ya wuce layi huɗu, yau ga shi har da hoton lambar yabo da tambarin Facebook.

Sakataren_Ofis:
Allah ya saka da alheri. Tara sun kammala, biyu na Thunderbird an sake gina nasu kuma sun fito daidai. Saura ɗaya, ita ce mai sabon Outlook. Na liƙa daga burauza, na sake saka tambarin, amma teburin ya wargaje, tambari a sama rubutu a ƙasa.

Injiniya_Sadiq:
Tarkacen Word ne ya biyo. Kada ka liƙa daga .htm na tsohon Outlook. Ɗauki fayil ɗin da aka gina a Thunderbird, sauya suna da lamba, buɗe shi da burauza, ka kwafa daga nan. Tabbatar Ctrl da A ka yi amfani da shi, ja da linzami yakan bar farkon teburin a baya. Bayan ajiyewa ka aika gwaji zuwa akwati biyu daban, ɗaya ka buɗe a waya.

DanAsabe_Net:
Ko kuma, in lasisin Office ɗinku ya haɗa da tsohon, ka duba ko akwai makunnin komawa a kusurwar dama ta sama, ka mayar da ita irin sauran tara. Wace siga ce ta Office kuka saka a kanta?